Yawan ba tumaki ma'adinai ba ya ƙara haihuwa

An daɗe ana ɗauka cewa duk dutsen lasa ɗaya ne, kuma idan tunkiya ta ƙi ɗaukar ciki, ƙara mata shi ne magani. Ba haka abin yake ba.

Yayin da jiki ke ƙona abinci, wasu sinadarai masu lalata ƙwayoyin halitta suna fitowa, kuma suna yawaita lokacin zafi da ƙarshen goyon ciki. Maniyyin rago ne ya fi saurin jin jiki, domin fatar ƙwayoyin maniyyin cike take da kitse mai saurin lalacewa. Jiki yana kare kansa da ma'adinai irin su selenium, zinc, manganis da tagulla, tare da bitamin E. In selenium ya yi ƙaranci, ciki yana zubewa tun yana ƙarami, ko a haifi ɗan rago mai raunin tsoka. To amma ƙarin yana amfani ne kawai inda akwai ƙarancin. Buƙatar selenium ba ta wuce miligiram 0.1 zuwa 0.3 a kilo ɗaya na busasshen abinci ba, kuma haɗa allura da lasa da maganin ɗura masu ɗauke da selenium na iya zama guba.

Tagulla ta fi haɗari. Hantar tunkiya tana tara ta shiru na tsawon watanni, sai wahala ta zo, tagullar ta kwararo cikin jini: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, dabba ta mutu. Shi ya sa ba a ba tumaki lasar da aka haɗa don shanu, domin tagullar cikinta ta yi musu yawa.

A gwada jini tukuna kafin a ƙara ma'adinai. Rago kuwa a fara ba shi ƙarin ma'adinan mako 8 kafin barbara, domin maniyyi yana ɗaukar kusan mako 7 kafin ya nuna.