Majinyacin da ba zai warke ba, shi ma yana da haƙƙi a lokacin annoba

Akwai maganar da muke yawan ji a bakin 'yan uwan majinyata: "Likita ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a." Daga nan sai a yi wa bawan Allah shimfiɗa a ƙuryar ɗaki, a zuba wa sarautar Allah ido. Addu'a wajibi ce, amma jinya ba ta ƙare ba. Ko da ciwon daji ya bazu a jiki, ko ƙoda ta gaza, ana iya rage raɗaɗi, a kwantar wa mutum hankali, a tallafi iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai na masu buƙatar irin wannan kulawa ke samun ta.

Korona ta nuna mana yadda abin ke ƙara muni. Bayan ɓullarta a Kano a watan Afrilun 2020, aka sa dokar kulle, asibitocin kuɗi da dama suka rufe, aka hana dubiya. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa cikin mutum 979 da aka binciki rasuwarsu a birnin, kashi 50 zuwa 60 na da alaƙa da cutar, kuma akasarinsu dattawa ne masu fama da wasu ciwuka tun da farko. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda tsoro ya sa wasu ke ajiye wa tsoho kwanon kunu a bakin ƙofa su ja da baya.

A nan ne aikin jami'in walwalar majinyata yake. Ba allura yake yi ba. Shi ne ke kara wa majinyacin da aka killace waya a kunne don ya ji muryar 'ya'yansa. Shi ne ke neman tallafi a wurin masu fitar da zakka idan kulle ya tsayar da sana'ar maigida. Yakan zauna da iyali a yi maganar da kowa ke kaucewa: bashi, amanar mutane, wasiyya, wa zai riƙe yara. Yakan kuma duba mai jinyar, wadda yawanci mace ce da ta yi makonni ba ta yi barcin kirki ba, kuma ba mai ce mata sannu.

Annoba ba ta gama da mu ba, ga mashaƙo, ga zazzaɓin Lassa, ga sanƙarau. Idan ta zo, a ware mutum ɗaya mai ƙoshin lafiya ya riƙa jinya, da takunkumin fuska, da safar hannu, da wanke hannu da sabulu. Wanda ake zargin ya kamu da cutar kuwa, a sanar da ma'aikatan lafiya nan take. Majinyacin da ba ya iya motsi, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Idan ya daina iya haɗiya, a jiƙa auduga a shafa masa a leɓe, kada a yi masa ɗure. Maganin raɗaɗi mai ƙarfi irin su mofin, in likita ne ya rubuta kuma aka bi ƙa'ida, ba ya gaggauta ajali, don haka a ba shi a kan lokaci, kada a jira sai yana murƙususu.

Kafin ku baro asibiti, ku nemi ofishin walwalar majinyata, ku karɓi lambar da za ku kira, ku kuma tambayi inda za ku samu magani idan an rufe hanya.