Waiwaye: Abin da tsohon juji ya bari a ƙasar Zariya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu haƙa fandisho a cikin birnin Zariya ya san ba a kai wa ga jar ƙasa nan take. Sai an wuce leda da guntun kwalba da tsumma, a shiga baƙar ƙasa mai laushi, cike da toka da ƙasusuwa da fasassun tukwane. Wani wurin sai a nutse har ƙirji ba a fita daga cikinta ba. Shara ce ta kaka da kakanni, ta kwanta a kan juna har ta zama ƙasar da ake tafiya a kai.

Asalin lamarin yana wajen gini. Ganuwa da gidajen birni da ƙasa aka yi su, kuma a kusa ake haƙo ta, shi ya sa tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan unguwanni ke da kududdufai. Kududdufi na tare ruwan damina, yana kuma karɓar abin da gidaje suka zubar. Sai dai sharar wancan zamanin mai ruɓewa ce: toka, kara, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, fasasshiyar ƙwarya. Da rani manoma kan zo da jakuna su cika mangala su kai gona, don takin juji ya fi kowane daraja. Masu sana'a ma ba su cika barin komai ba. Marina kan kwashe katsin da ya kwanta a gindin karofi, su ƙona, a yi lason da ake shafe rufin soro da shi. Majema da bagaruwa da toka suke jima. Abin da ya ƙi ruɓewa tun a da shi ne kashin maƙera, wato dattin da ke saura in an narka ƙarfe, irin wanda masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suka tono a yammacin Samaru a shekarun 1970, inda aka narka tama ƙarnoni da dama da suka wuce.

Zuwan jirgin ƙasa wajen 1911 ya haifar da Sabon Gari, Tudun Wada ta biyo baya, Samaru ta samu tashar binciken noma a 1922, jami'a ta zo a 1962. Jama'a ta ƙaru, kayan kanti suka shigo. A nan ne matsalar take a ganina: abin da ke cikin shara ya sauya gaba ɗaya, amma yadda muke yi da ita bai sauya ba. Kududdufin da ya saba haɗiye toka aka ci gaba da ba shi batirin tocila, gwangwanin fenti, baƙin man gareji, tsofaffin tayoyi, daga baya ledar fiya wata da matattun wayoyi. In ya cika a cinna masa wuta. Wuta tana cinye leda da takarda, amma dalma da kadmiyom da sauran ƙarafa masu guba ba sa ƙonewa, sai ma su taru a cikin tokar. Ƙara da wannan, har farkon shekarun 2000 man fetur da ake sayarwa a ƙasar nan yana ɗauke da dalma, kuma hayaƙinsa a gefen titi da tashoshin mota ya sauka.

Dalma ba ta tafiya. Tana manne wa ƙasar sama, ta zauna shekaru aru-aru, iskar hunturu ta tashe ta cikin ƙura, yaro mai rarrafe ya kai ta baki. Ba ta da wari, ba a ganinta, illarta kuma a ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi tsanani. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda gubar dalma, daga niƙan dutsen zinariya ya taso, ba daga juji ba, amma can ma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zubo sabuwa kafin a samu sauƙi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne manomin da har yau ke sayen sharar gari a tifa, ya tsince leda da hannu, ya watsa sauran a gona kamar yadda ya gada. Amfanin gona na yin kyau, don haka ba abin da zai sa shi zargi. Toka na rage tsamin ƙasa, wannan kan riƙe ƙarafan na ɗan lokaci. Idan aka yi shekaru ana zuba yuriya ƙasar ta koma tsami, sai su fara saki, kuma ganyaye irin alayyafo da latas da ake nomawa a lambunan bakin kogunan Kubanni da Galma sun fi saurin zuƙar kadmiyom.

Yawancin kududdufan kuwa yanzu an cike su, an yanka fuloti. Mai saye kan tambayi takarda da iyaka, ba ya tambayar dattawan unguwa me ke wurin shekara arba'in baya. Bayan 'yan damuna shara ta zauna, bango ya tsage, ruwan da kududdufin ke tarewa ya nemi hanya cikin gidajen maƙwabta, rijiyar da aka haƙa a tsakar gida kuma ta ratsa ta cikin tsohon jujin kafin ta kai ga ruwa.