Gyaran takin dabbobi don tsare fosfaras

Fosfaras ɗaya ne daga cikin manyan sinadarai uku da shuka ke ci. Shi ne lamba ta tsakiya a jikin buhun takin zamani na kamfa mai 15-15-15, kuma shi manomi ke nema idan ya sayi sufa. A takin gida, yawancinsa na cikin kashin dabba, ba cikin fitsari ba. Kashin kaji ya fi na shanu da awaki yawansa, domin cikin kaza ba ya iya narkar da akasarin fosfaras ɗin da ke cikin hatsi da dusa.

Fosfaras ba ya tashi a iska kamar sinadarin naitirojin, ruwa yake bi. A ƙauyukan Kano da Jigawa ana tara taki daga turke zuwa juji, a kai shi gona da mangala ko amalanke tun da bazara, a jibge tsibi-tsibi. Idan ruwan farko ya zo da ƙarfi kafin a yi huɗa, sai ya wanke tsibin ya gangara da shi kwari, daga nan rafi. A can gansakuka da kainuwa ke samun abinci su rufe ruwa, idan suka ruɓe kifi ya rasa iskar shaƙa. A ƙasar Haɗeja, inda ciyawar kachala ta riga ta toshe hanyoyin ruwa bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ƙarin taki a ruwa ƙarin ciyawa ne.

Gyaran da ya fi dacewa da ƙaramin manomi ba ya cin kuɗi: ramin taki nesa da magudana da rijiya, a lulluɓe shi da kara ko ƙasa, sannan a turbuɗe takin cikin kunya maimakon a bar shi a sarari. Ruɓarwa ba ta rage fosfaras, tsibin ne ke raguwa, sinadarin ya tattaru.

Masu manyan gidajen kaji suna da wasu hanyoyi biyu. Akwai sinadarin fayites da ake sa wa a abincin kaji don su narkar da fosfaras ɗin hatsi. Akwai kuma alif, wanda ake kwantar da laka da shi a randa. A Amurka ana barbaɗa shi a shimfiɗar kaji, ya kama fosfaras ɗin ya hana shi saurin narkewa a ruwa. Wannan ya fi dacewa da lambun fadama da ke shan kashin kaji duk shekara. Gonar gero ta tudu kuwa, ƙarancin fosfaras ne damuwarta.