Yadda ake fito da sheƙin fentin jita: tambayoyi da amsoshi

Na fesa fentin ƙyalli sau da yawa, amma jitar ta ƙi yin sheƙi sosai. Me ke faruwa?

Yawan fenti ba shi ke kawo sheƙi ba, santsin fuskar fentin ne. Riƙe jitar a gaban fitila ka karkata ta, ka duba hoton ƙwan fitilar a jikinta. In gefensa na rawa, fentin ya bushe da ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo, haske kuwa warwatsewa yake yi a kan irin wannan. Sai an daidaita fuskar da samfefa kafin man gogewa ya yi wani amfani.

Yaushe zan fara gogar?

A nan yawancin mutane ke ɓata aikinsu. Fentin naitiroselulos, irin wanda kamfanonin ƙera jita na Fender da Gibson suka yi aiki da shi a shekarun 1950, yana ƙarfi ne yayin da tinar da ke cikinsa, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ke fita a hankali. Samansa kan bushe a yini ɗaya, cikinsa kuwa da saura. A ba shi mako uku zuwa huɗu a rataye inda iska ke shiga. Kai hancinka kusa: muddin ƙamshin tina na tashi, bai yi ba. Wanda ya yi gaggawa zai samu sheƙi a ranar, daga baya fentin ya ƙara lotsawa, layukan katakon su sake bayyana.

Wace samfefa, kuma ta yaya?

Ta ruwa, a jiƙa ta da ɗan ɗigon sabulu. Fara da lamba 800 ko 1000, sai 1200, 1500, har 2000, wato daga mai kaushi zuwa mai laushi, kar ka tsallake. Naɗe ta a jikin guntun roba mai shafaffen ƙasa, don yatsu kan bar kwari. Ka riƙa sharewa kana dubawa: duk inda ɗigon ƙyalli ya rage a tsakiyar dusasshen wuri, rami ne da samfefa ba ta kai ba tukuna. Idan fuskar ta dushe bai ɗaya, ka wuce lamba ta gaba.

Abu biyu nake roƙon a kiyaye. Fenti ya fi siranta a gefuna da kusurwa, shafa kaɗan ta isa, in ba haka ba ka huda zuwa fentin launin da ke ƙasa. Sannan kar ruwa ya shiga ramukan sukuru, don katako zai kumbura ya tsaga fentin.

Dole sai da inji?

A'a. Hannu da ƙyalle mai laushi suna yi, sai dai gumi. Fara da man gogewa mai matsakaicin kaushi, ka bi da mai laushi, kowanne da ƙyallensa. In da inji ne, kar ka tsaya wuri ɗaya, zafi na narkar da fentin naitiroselulos nan take.

Na goge, amma ina ganin ƙananan ramuka jere da jijiyar katako.

Wannan tun daga tushe ne. Katakon mahogani da na ash suna da buɗaɗɗun ƙofofi da ake cikewa kafin fenti. In an tsallake, sai ƙarin fesawa, jira, da sake gogewa.

Man goge kujeru fa?

Ka nisance shi, musamman mai sinadarin silikon. Yana shiga duk wata tsaga, ranar da za a gyara jitar sabon fenti ya ƙi kamawa, ya riƙa tsattsagewa yana barin ramuka.