Gyaran Jikin Mota Domin Bututun Intakula

Gyaran jikin mota domin bututun intakula (na'urar da ke sanyaya iskar da za ta shiga injin) aiki ne da ake yi wa mota idan an ɗora wa injinta turbo, ko an ƙara wa wanda ke ciki ƙarfi, sai aka tarar bututun iska ba shi da hanyar wucewa. Ya kama daga datse robar bamba, zuwa huda ƙarfen da ke gefen lagireto, da ɗauke batir daga mazauninsa, wani lokaci har da sare gaban motar a sake gina shi. An fi yin sa a Japan, Amurka, Ostareliya da Turai, wajen masu sayen tsohuwar mota su ajiye a gareji suna gina ta sannu a hankali, wasu don tsere, wasu don sha'awa kawai.

Abin da ya kawo bututun

Turbo, wanda injiniya Alfred Büchi ɗan Suwizalan ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1905, yana amfani da hayaƙin da ke fita daga injin wajen juya wata 'yar fanka, ita kuma ta danna iska cikin silinda. Iska idan aka matse ta zafi take yi. Idan turbo ya ƙara matsi da bar ɗaya, wato ya kusan ninka matsin iskar gari, iskar da ta shiga da sanyin gari tana iya fitowa a wajen digiri 120 na ma'aunin Selshiyos. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, kuma tana sa fetur ya kama kafin lokacinsa, abin da ke fasa fistin. Intakula shi ne maganin wannan: kamar lagireto yake, sai dai iska ce ke bi ta cikinsa maimakon ruwa. Duk wanda ya taɓa leƙa gaban tirela ya gan shi a jingine da lagireto.

Bututu biyu ke haɗa shi da injin. Na farko daga turbo zuwa intakula, masu aikin suna ce masa ɓangaren zafi. Na biyu daga intakula zuwa bakin totur, shi ne ɓangaren sanyi. Yawanci na alminiyon ne, faɗinsa inci 2 zuwa 3, kuma inci 2.5, wato kimanin milimita 63, shi ya fi yawa a injin mai silinda huɗu. Bututu mai wannan kauri ba ya lanƙwasuwa kamar tiyo. Motar da kamfani ya ƙera ba turbo kuwa, an riga an raba kowane lungu na gabanta tsakanin batir, fitila, tankin ruwan wanke gilashi da layukan na'urar sanyaya ɗaki.

Kamfanoni ma ba su tsira daga wannan matsi ba. Da Porsche ta sa wa 911 Turbo intakula a samfurin 1978, lokacin da injin ya tashi daga lita 3.0 zuwa 3.3, sai da ta sake fasalin fiffiken bayan motar ya ƙara tsayi domin ya rufe shi, har masu sha'awar motar suka laƙaba wa fiffiken suna tiren shayi. Subaru ta kwantar da nata a saman injin Impreza WRX, ta buɗe wa bonet baki don iska ta shiga. Mitsubishi kuwa tun farko a gaba ta ɗora wa Lancer Evolution nata, shi ya sa bambarta ke da ƙaton baki.

Inda ake yankawa

Abin da ake yankawa iri uku ne. Na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne roba. Ana faɗaɗa bakin bamba, a rage farantin robar da ke ƙarƙashin injin, a datse wadda ke cikin ramin taya, sau da yawa a haƙura da fitilar hazo. Ko an yi kuskure a nan, sauya robar kawai za a yi.

Na biyu shi ne siririn ƙarfen da ba ya ɗauke da nauyin mota. Misalin da kowa a wannan harka ya sani shi ne Nissan Silvia S13 da S14 masu injin SR20DET. Kamfani ya sa musu ƙaramin intakula a kusurwar gaba ta gefe ɗaya. Idan aka maye shi da babba a tsakiyar bamba, ɓangaren zafi yana samun hanya ta tsohuwar kafa, amma ɓangaren sanyi sai ya hau ta ɗaya gefen, daidai inda batir yake zaune. Don haka ake huda mazaunin batir ɗin, sannan a sa ƙaramin batir ko a mayar da shi but a ja masa waya mai kauri da fis.

Mai aikin da ya san hannunsa ba ya fara da dirila. Sai ya rataye intakula tukuna, ya mayar da bamba da fitilu ya ga sun zauna, sannan ya gwada hanyar da kwali ko bututun roba mai arha. Idan ya gamsu sai ya manna salatif a wurin, ya zana da'ira, ya leƙa ƙasa da tocila don kada akwai waya ko layin birki a bayan ƙarfen. Bututun inci 2.5 yana son rami na inci 3 ko fiye, domin injin ba a tsaye cak yake ba: duk sa'ad da aka taka totur sai ya karkata a kan robobinsa, bututun kuma ya bi shi. Inda ramin ya matse, bayan 'yan makonni za a ga wani ɗan tabo mai ƙyalli a jikin alminiyon. Ƙarfe ne ke cin sa, kuma daga tabo sai huji. Bayan an huda ana goge bakin da fayil, a shafa maganin tsatsa da fenti, a zagaye shi da roba. Garin ƙarfen da ya zuba ma sai an share, don idan ya kwana a kan fenti ya sha raɓa, ɗigo-ɗigon tsatsa yake bari.

Na uku shi ne ƙarfen da ke ɗauke da rai, kuma a nan ne ake ɓarna. Yawancin motocin hawa na zamani ba su da shasi daban, jikin shi ne shasin. Dogayen ƙafafu biyu da suka miƙe daga ƙarƙashin gilashi zuwa bamba su ke riƙe da injin, kuma an ƙera su ne su naɗe a hankali idan an yi karo, dabarar da Béla Barényi na Mercedes-Benz ya fito da ita, aka fara sa ta a motar kasuwa a 1959. A bakinsu akwai ƙarfen da ya gitta a bayan bamba. Shi ne yake tare wa babban intakula wuri, shi ya sa ake yawan rage shi ko a cire shi ɗungurungum. Rage leɓensa kaɗan abu ne mai sauƙi. Cire shi kuwa yana nufin ƙaramin karo zai isa ga intakula da lagireto kai tsaye, kuma a motocin da na'urar jin karo take a gaba, jakar iska tana iya fashewa a makare. Huda ƙafar shasi don bututu ya wuce ganganci ne, sai fa in za a yi waldar gajeren bututun ƙarfe mai kauri a cikin ramin. Masu motar tsere zalla su kan sare duk abin da ke gaban mazaunin shokozoba su gina keji na bututun ƙarfe, amma irin wannan motar ta bar titi ke nan.

Wasu hanyoyin

Ba dole ne a yanka ba. Ana juya bakin turbo ya kalli inda ake so, ana sa intakulan da kafofinsa biyu suke gefe ɗaya, ko siririn lagireto da fanka mara kauri. Masu Mazda RX-7 sun saba karkatar da lagireto da intakula su yi siffar harafin V, wanda ke gajarta bututu ƙwarai amma yana neman a buɗe wa bonet mafitar iska. Akwai kuma intakula mai sanyaya da ruwa, wanda ke zama kusa da injin, siraran tiyo kawai ke zuwa gaba. Gajeren bututu yana da wata fa'idar: turbo yana saurin cika shi, mota ta amsa totur da wuri.

Babban intakula a gaba yana da tasa illa, domin yana tare wa lagireto iska. A ƙasa mai zafi wannan kaɗai yana iya sa injin tafasa a cunkoso, sai an toshe gefuna da faranti yadda iska ba za ta zille ba.

Doka da gwaji

A Jamus, sauyi irin wannan sai masu duba mota irin su TÜV sun amince an shigar da shi takardun mota. A Birtaniya, gwajin lafiyar mota da ake kira MOT yana duba ƙarfin jikin mota a tazarar santimita 30 daga mazaunin sitiyari, birki, bel ɗin kujera da abin da ke riƙe da taya, kuma yankan da ya raunana wurin yana kayar da mota.

Kafin a hau titi ana toshe bakin turbo a hura iska cikin bututun, a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta taso, nan ne yoyo. Kowane bakin bututu ana yi masa ɗan tudu a zagaye domin tiyon silikon da kilif su sami abin kamawa. Wanda aka bari sumul yakan fice da ƙara a tsakiyar gudu, injin ya shaƙe, kuma a motoci da yawa baƙin hayaƙi ya biyo salansa.