Tukunyar Nukiliya Mai Girafit da Haɗurranta

Girafit dangin gawayi ne mai santsi, shi ne baƙin da ke cikin kiriyon ɗin rubutu. A tukunyar nukiliya, wato na'urar da ake fasa ƙwayar zarrar uraniyom a cikinta don samun zafi, aikinsa rage gudun nitiron, ƙananan ƙwayoyin da ke fita idan zarrar ta fashe, domin sai sun lafa suke fasa uraniyom sosai. Shi ya sa irin wannan tukunya ke iya aiki da uraniyom da ba a ƙara masa ƙarfi ba. Tukunyar farko a duniya, wadda Enrico Fermi ya tayar a Shikago ranar 2 ga Disamba 1942, da tubalan girafit aka gina ta.

Windscale

Girafit na da wani hali: idan nitiron sun daɗe suna dukansa alhali bai yi zafi sosai ba, sai ƙarfi ya taru a cikinsa a ɓoye, wanda zai iya fita lokaci guda. A Windscale ta Ingila akan ɗumama tukunyar da gangan don ya fita a hankali. Ana cikin wannan aiki a Oktoba 1957 wuta ta kama. Da iska ake sanyaya tukunyar, iskar kuwa ta ƙara rura wutar, sai da aka kwarara ruwa aka kuma kashe fankoki. An zubar da madarar shanun yankin saboda gubar aidin.

Carnobil

Haɗari mafi muni shi ne na 26 ga Afrilu 1986 a Carnobil ta Yukren. Tukunyar wurin, mai girafit ƙirar Tarayyar Sobiyet da ake kira RBMK, da ruwa ake sanyaya ta, kuma in ruwan ya zama tururi ƙarfinta hauhawa yake yi. Ga shi sandunan kashe ta da girafit a bakinsu, don haka da aka tura su sai suka fara iza ta. Ta fashe, ta yi kusan kwana 10 tana fitar da guba, aka kwashe mutanen garin Firifiyat baki ɗaya. Ana saɓani kan adadin waɗanda gubar ta kashe daga baya, da kuma yawan girafit ɗin da ya ƙone.

Faransa da Nijar

Nijar ba ta da tukunya ko ɗaya, amma mutumin Maraɗi ya san labarin uraniyom ɗin Arlit, da aka fara haƙa wajen 1971 ana kai wa Faransa. A Faransa ma makamashin uraniyom ya narke a tukwanen girafit na Saint-Laurent a 1969 da 1980. Faransa ta rufe tukunyarta mai girafit ta ƙarshe a 1994.

Yau

Rasha da Ingila na da ragowar tsofaffi, inda tsagewar tubalan ke damun masu sa ido. Sin ta fara sayar da wutar wata sabuwa mai iskar hiliyom a 2023.