West Kennett

West Kennett ɗan ƙaramin ƙauye ne a gundumar Wiltshire da ke kudancin Ingila, ƙarƙashin yankin Avebury. Gidaje ne 'yan kaɗan da gonaki a bakin hanyar A4, kusa da kogin Kennet, kimanin kilomita 8 yamma da garin Marlborough. Mai wucewa a mota kan fita daga cikinsa kafin ya ankara ya shiga. Sunansa ya yi nisa ne saboda kufai da kaburburan da ke kewaye da shi, waɗanda wasunsu sun haura shekara 5,000. A 1986 hukumar UNESCO ta sa yankin, tare da Stonehenge, shahararriyar da'irar manyan duwatsu da ke kudu da nan, cikin wuraren tarihi na duniya. Ana rubuta sunan ƙauyen da "t" biyu, na kogin da na kayan tarihin kuwa da "t" ɗaya.

Ƙauyen da hanyarsa

Hanya ce ta raya ƙauyen. Tun zamanin Rumawa akwai titi da ya ratsa wannan kwari, daga baya kuma nan ne kekunan doki ke bi tsakanin Landan da Bath. Da jirgin ƙasa ya haɗa Landan da Bristol a 1841, cinikin fasinja ya ja baya, ƙauyen ya koma ga noma da kiwon tumaki.

Dogon kabari

A kan tudu kudu da ƙauyen akwai kabarin da ake kira West Kennet Long Barrow, tulin alli da ƙasa mai tsawon kusan mita 100. An gina shi wajen shekara ta 3650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato ya girmi manyan dalar Giza na Masar da kusan shekara 1,000. A bakinsa na gabas akwai ɗakuna 5 da aka yi da manyan duwatsun da mutanen yankin ke kira "sarsen": biyu a dama, biyu a hagu, ɗaya a ƙurya. Mutum na iya shiga a tsaye.

An sami ƙasusuwan mutum fiye da 30 a ciki, maza da mata, tsofaffi da jarirai. Abin lura shi ne ƙasusuwan ba su cika ba. Ƙoƙunan kai da dogayen ƙasusuwan ƙafa sun yi ƙaranci, abin da ya sa masana ke ganin ana ɗebe su zuwa wasu wuraren ibada. Binciken shekarun ƙasusuwan ya nuna cewa ajiye gawa a wurin bai ɗauki dogon lokaci ba, ƙila bai wuce tsara ɗaya ko biyu ba. Amma mutane sun ci gaba da zuwa suna cika ɗakunan da ƙasa, tsingaro da ƙasusuwan dabbobi har kusan shekara 1,000, kafin a toshe ƙofar da wasu ƙattin duwatsu.

Kabarin ya sha hannun masu tono. A ƙarshen ƙarni na 17 wani likitan Marlborough mai suna Robert Toope ya riƙa haƙo ƙasusuwan mutane a wannan yanki yana haɗa magani da su. John Thurnam ya tona a 1859, ya iske ɗakin ƙurya kaɗai. Rashin ganin sauran ya zama alheri, domin ɗakuna 4 na gefe sun zauna lafiya har Stuart Piggott da Richard Atkinson suka buɗe su a 1955 da 1956 da aikin da ya fi tsari.

Tudun Silbury

Yamma da ƙauyen, dab da titi, Silbury ke tsaye, tsayinsa kusan mita 40. Shi ne tudu mafi girma da hannun ɗan Adam ya tara a Turai kafin zamanin rubutu. An yi shi wajen 2400 kafin haihuwar Annabi Isa, da alli da aka haƙa da ƙahon barewa, kuma a hankali aka yi ta ƙara masa girma. Almarar yankin ta ce wani sarki Sil yana binne a ciki bisa dokinsa. An yi manyan tono sau uku a tudun: rijiya daga ƙoli a 1776, rami daga gefe a 1849, sai na Atkinson daga 1968 zuwa 1970 wanda BBC ta ɗauki nauyi ta kuma nuna a talabijin. Ba a sami kabari ko ɗaya ba.

Ɓarnar kuwa ta fito daga baya. A watan Mayu na 2000 wani rami ya rufta a ƙolin tudun saboda ba a cike tsohuwar rijiyar da kyau ba. Hukumar English Heritage ta cike ramukan da alli a 2007 da 2008. Yanzu an hana hawa.

Sauran wurare

Gabas da ƙauyen, a kan tudun Overton, akwai wurin da ake kira Sanctuary, inda a da aka kafa da'irori na gumagumai da duwatsu. Masanin kayan tarihi William Stukeley ya zana shi gab da lokacin da manoma suka kwashe duwatsun a shekarun 1720 don su sami filin huɗa. Maud Cunnington ta sake gano gurbinsa a 1930, kuma 'yan tubalan siminti ne ke nuna inda kowane ginshiƙi ya tsaya. Daga nan wata hanya mai duwatsu bibbiyu, kusan jeri 100, ta miƙa kimanin kilomita 2.4 zuwa babbar da'irar duwatsu da ke ƙauyen Avebury. Alexander Keiller ya sake tayar da ɓangarenta na arewa a shekarun 1930.

A ƙarƙashin gonakin bakin kogi, kusa da gidajen ƙauyen, hotunan da aka ɗauka daga sama sun nuna sawun manyan shingayen katako guda 2. Alasdair Whittle ya tona su tsakanin 1987 da 1992, ya sami tarin ƙasusuwan aladu, alamar cewa jama'a kan taru a nan su yi yanka da walima. Babu abin da ake gani daga gare su a bisa ƙasa a yau.